Haƙƙin Mai Wanke Kwano

Tun da aka buɗe Mr Bigg's a Ikko cikin 1986, gidajen abinci masu rassa suka yaɗu har Kano. Yau an rufe da yawa.

Wani saurayin Minjibir ya bar lambun ubansa a Wasai, ya kama wanke-wanke a wani gidan dabam mai irin wannan tsari. Da ciniki ya ja baya, sai aka riƙe albashinsa, aka sallame shi hannu Rabbana, ba ko takardar shaida.

Alhali kuwa dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. Wanda ya iya karatu, ya nemi takardarsa tun ciniki yana tafiya.