Wasan Talabijin da Na Fi So

 Da Malamin Hausa ya ce kowa ya rubuta wani abu a kan abin da ya fi so, abokaina da yawa sun zaɓi ƙwallon ƙafa. Ni kuwa ban yi wani dogon tunani ba. Abin da na fi so shi ne wani gari da na san mutanensa kamar yadda na san maƙwabtanmu, alhali ƙafata ba ta taɓa taka shi ba. Sunan garin Daɗin Kowa. Kada a ɗauka garin nan na Jihar Gombe mai babban dam nake nufi. A'a, wannan a cikin akwatin talabijin yake.

Ga wanda bai sani ba, Daɗin Kowa wasan kwaikwayo ne mai dogon zango na tashar Arewa24 da ke Kano. An buɗe tashar a 2014, aka fara nuna wasan a 2015, lokacin ina aji ɗaya na firamare. A 2016 ya ci kyautar wasan Hausa mafi kyau a gasar Africa Magic da ake yi a Legas. Wato dai ni da wasan nan tare muka girma.

A gidanmu da ke cikin garin Dutse, daren Asabar dabam yake da sauran darare. Tun da la'asar ƙannena suke fara addu'a kada a ɗauke wuta. Ana idar da sallar isha'i Umma za ta kwashe tuwo da wuri, a shimfiɗa tabarma a falo, Kaka ta jawo kujerarta 'yar tsugunne har gaban akwatin, domin idonta ya yi rauni. Kaka ba kallo kaɗai take yi ba, har magana take sa wa. In Adama ta fara tsiwa ga mijinta Kamaye, sai ka ji Kaka ta ce, "Ke yarinya, ki ji tsoron Allah!" Wanda ta fi yi wa faɗa kuwa shi ne Malam Nata'ala, malamin tsangaya mai tarin iyali da son abin duniya. Mun sha gaya mata wasa ne, ta ce ta sani, amma mai hali ba ya fasa halinsa.

Baba yakan zauna daga baya yana duba wayarsa, wai shi ba ya kallo. Amma in an yi abin dariya, muryarsa ce ke fin ta kowa. Yakan ce mu ba mu ga wasa ba, tunda ba mu ga Samanja Mazan Fama na Kaduna da Karkuzu na Jos ba. A zamaninsu, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, akwati ɗaya ne a unguwarsu, baƙi da fari, a gidan wani ma'aikacin gwamnati, yara su cika tsakar gida maƙil. Ranar da aka sanar da rasuwar Usman Baba Pategi, wato Samanja, a watan Nuwamba na 2023, na ga Baba ya yi shiru na tsawon lokaci. A ranar ban gane dalili ba.

A makaranta kullum muna gardama. Wasu sun ce Labarina na Aminu Saira ya fi, wasu sun ce Kwana Casa'in, mai labarin Gwamna Bawa Maikada da siyasar Jihar Alfawa. Duk ina kallonsu, kuma ban raina su ba. Hoton Labarina ya fi kyau, wannan ba musu. Amma gidajen da motocin da ke ciki ban taɓa shiga irinsu ba. Mutanen Daɗin Kowa kuwa, in ka fita ƙofar gida za ka gan su. Ɗantani Mai Shayi yana nan a kowace tashar mota, da teburinsa da masu zaman gulma. Je ka kasuwar Shuwarin, ba za ka dawo ba sai ka ga Kamaye guda biyar. Akwai 'yan gudun hijira, akwai samarin da ƙwaya ta lalata, akwai Stephanie, Kirista da ke zaune lafiya da maƙwabtanta Musulmi. Aibinsa ɗaya da zan faɗa, wani lokaci sukan ja labari ya yi tsawo kamar igiyar guga, a yi mako huɗu ana magana ɗaya.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A zangon karatu na farko na 2024 na faɗi lissafi, faɗuwa mai muni. Baba ya duba katin sakamako, ya dube ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Daga yau ba kai ba falo ran Asabar, sai ka gyara wannan." Na ce, "To, Baba." Amma da dare ya yi, na ji kiɗan buɗe wasan ya tashi, littafin da ke hannuna ya zama kamar an rubuta shi da Sinanci. Na lallaɓa na zagaya ta bayan tagar falo. Ashe wurin yana da mai shi.

Almajirin gidanmu ne, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, wanda yake yi wa Umma ɗiban ruwa da shara, a ba shi abincin dare. Ya ɗora wani tsohon bulo yana tsaye a kai, robarsa a hannu. Da ya gan ni ya tsorata, zai gudu. Na ce ya tsaya, ni ma korarre ne. Ya matsa mini gefe. Haka muka yi Asabar shida muna kallo ta tsakanin ƙarafan taga, sauro yana cinmu.

Kallo da shi ba irin kallon falo ba ne. In an nuno Kamaye yakan yi dariya har ya toshe baki. Amma duk sa'ad da aka nuno tsangayar Malam Nata'ala, yara da alluna da tsummokara, sai ya yi tsit. A ciki ana ta ƙyaƙyata dariya, Kaka tana faɗa, shi kuwa ko motsi. Wata rana na ce masa cikin wasa, "Kai, haka malaminku yake?" Ya juyo da sauri ya ce, "A'a, Yaya. Malaminmu mutumin kirki ne. In ba mu samo ba, nasa yake ba mu." Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya nuna wani ƙaramin yaro a cikin akwatin ya ce, "Amma wancan, kamar ƙanena."

Sai a lokacin na lura shekara biyu yaron nan yana shiga gidanmu safe da yamma, ban taɓa tambayarsa daga ina yake ba. Na san sunan matan Malam Nata'ala, na san rigimar kowane gida a Daɗin Kowa, amma ban san yaron da ke cika mana randa yana da ƙane ba. Kunya ta kama ni. Na tambaye shi. Ya ce ƙauyensu yana wajen Jahun. Damina uku ke nan bai ga mahaifiyarsa ba. Jahun fa, da ba ta kai tafiyar awa biyu daga Dutse ba!

Na kwana ina juyi. Gaya wa Baba yana nufin tona wa kaina asiri, domin dole ya tambayi inda muka yi hirar. Da safe dai na daure, na durƙusa na faɗa masa duka, har da bulon. Ya ce, "Wato dokata ka karya." Na ce, "E, Baba, na yi laifi." Ya ƙara mini mako biyu a kan horon, kuma wannan karon ya sa Umma ta rufe tagar. Maganar yaron kuwa bai ce komai ba, har na ɗauka ta bi iska.

Ashe ya je ya ga malamin tsangayar. Da Babbar Sallah ta 2025 ta matso, malamin ya yarda, Baba ya ɗauki yaron a mota, ni ma aka tafi da ni. Ba zan iya kwatanta abin da uwar ta yi da ta gan shi ba. Ta fito da muciya a hannu, ta tsaya, ta kira sunansa sau biyu kamar mai tambaya. Ƙanen nasa ya ɓuya a bayan zanenta, bai gane shi ba. Da za mu taho ta cika mana buhu da gero da kuka, Baba ya yi ta ƙi, ta ce wallahi sai mun karɓa. Bayan kwana goma yaron ya dawo karatunsa. Ni ma na ci lissafin, ko da yake da ƙyar ne, kada in yi ƙarya a gaban malamaina.

A watan Nuwamba na 2025 aka sanar da rasuwar Mato Yakubu, mutumin Potiskum da ke fitowa a matsayin Malam Nata'ala, bayan ya sha jinya. Ni na fara gani a waya, na shiga falo na faɗa. Baba ya ajiye wayarsa ya dube ni, na tuna da shirun da ya yi ranar Samanja. Kaka, wadda ta yi shekara goma tana yi wa mutumin faɗa, ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Allah sarki, Malam. Ashe ba za mu ƙara yi ba."

Yaron yana zaune a bakin tabarma, inda yake zama yanzu duk Asabar, kusa da ƙafar Kaka. Ya ajiye kwanon tuwonsa, ya ɗaga hannu biyu, ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku da muryar nan tasu ta tsangaya. Duk muka shafa tare da shi.