Dogon ginin da ya tsaya a kan jiragen ƙasa

Daga tashar Fordham da ke Bronx zuwa Grand Central a tsakiyar Manhattan tafiyar kimanin minti ashirin ce a jirgin Metro-North. Jirgin yakan haye kogin Harlem, ya bi ta kan gada yana kallon rufin gidaje, ya tsaya a titi na 125, sannan wajen titi na 97 ya nutse cikin ƙasa. Daga nan sai duhu da ƴan fitilu, da ginshiƙan ƙarfe da suka yi baƙi ƙirin suna wucewa ta taga. Abin da ke bisa kanka a wannan lokaci shi ne Park Avenue, titin manyan bankuna da otal-otal.

Taron Majalisar Ɗinkin Duniya karo na 78 ne ya kai ni New York a watan Satumban 2023. Na sauka wajen wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da ya daɗe yana tuƙin tasi a birnin, a unguwar da in ka tsaya bakin masallaci bayan magariba za ka ji Hausar Gana da ta Nijar suna gaisawa. Shi ne ya hana ni shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na yau da kullum a ranar da ba ni da aiki da safe. Da muka kusa tasha ya nuna min ginshiƙan nan da haɓa.

"Malam, ka duba su da kyau. In mun fita zan nuna maka abin da suke ɗauke da shi."

"To, Alhaji."

Ta ƙofar arewa muka fito, muka ɓullo daidai titi na 47, ga shi nan a gabanmu: lamba 270 Park Avenue, sabuwar hedikwatar bankin JPMorgan Chase. Ya cinye fili guda sukutum, daga Park zuwa Madison, daga titi na 47 zuwa na 48. Ƙasansa an riga an sa masa gilashi da wani ƙarfe mai launin tagulla. Can tsakiya benaye ne a buɗe, iska na ratsa su. Can ƙoli kuwa tsirarun ƙarafa ne kawai, da ƙugiyoyin ɗaga kaya suna juyawa a hankali. Tsayin da aka nufa mita 423 ne, hawa 60. Ginin Empire State hawa 102 ne, amma rufinsa a mita 381 ya tsaya. Wato kowane hawa na wannan sabon ya kusa ninka na wancan a tsayi, saboda manyan zauruka da ake so, da bututu da wayoyin da za su bi ta cikin silin.

Kowa da ya tsaya a wurin sama yake kallo. Ni ƙasan ne ya riƙe ni, kuma har yanzu ina ganin can ne gwanintar take. Ginin bai zauna a ƙasa da faɗinsa ba. Ginshiƙan da suka sauko daga sama, da suka zo kimanin mita 24 daga ƙasa sai suka karkata, suka tattaru, suka haɗu a ƴan wurare kaɗan, kamar jijiyoyin ganyen giginya da ke bazuwa daga tushe guda. Da farko mutum zai ɗauka ado ne na mai zane, don kamfanin Norman Foster na Landan ne ya zana shi, kuma an san su da son nuna ƙashin gini a fili. Amma dole ce ta kawo adon. Ƙarƙashin filin layukan dogo ne da dandamalin fasinja na tashar Grand Central da aka buɗe tun 1913, mai layuka 67 a hawa biyu. Ƙasa da su kuma akwai sabuwar tashar jiragen Long Island da aka buɗe a Janairun 2023. Ba a kafa ginshiƙi a tsakiyar layin dogo, ba a kuma ce wa dubban masu zuwa aiki su dakata shekara biyar. Saboda haka injiniyoyin kamfanin Severud Associates suka nemi ƴan tsagin da ke tsakanin layi da layi, suka tsayar da bangaye masu kauri na kankare a ciki har zuwa kan dutse, sannan suka tilasta wa nauyin ginin duka ya lanƙwasa ya sauka a kansu. Ƙarfen jikinsa ya haura tan 90,000. Jirgin da ya kawo mu ta gefen ƙafafunsa ya wuce, ba mu ji ko girgiza ba.

A fuskar gabas da ta yamma kuma akwai manyan ƙarafa da aka gicciya, suna hawa tare da ginin yayin da yake tsukewa mataki-mataki. Waɗannan ba don nauyi aka yi su ba, don iska ne. Dogon gini ya fi jin tsoron turin iska daga gefe fiye da abin da aka ɗora masa a ka.

Muka zagaya ta Madison, inda tireloli ke shigowa. Babu filin ajiye kaya a tsakiyar Manhattan, don haka kowane ƙarfe sai an kusa buƙatarsa ake kawo shi. Kamfanin Banker Steel na jihar Virginia ne ya yanka su, ya huda, ya rubuta wa kowanne lambarsa tun daga masana'anta. Wanda ya saba da gininmu na gida, inda ake lanƙwasa rodi a wurin aiki, kafinta ya haɗa katako, leburori su hau da kwanon kankare, a jira dakin ya bushe, zai ga abin wani iri. Nan ba a auna komai da ido. In ramin noti bai zo daidai da ɗan'uwansa ba a hawa na hamsin, kuskuren ba a nan aka yi shi ba, an yi shi ne watanni da suka wuce a wata jiha.

Wajen sha biyu ma'aikata suka fara fitowa cin abinci, da hulunan kwano cike da tambura, suka yi layi gaban keken mai shinkafa da kaza. Alhaji bai san kunyar baƙo ba, nan take ya ja ɗaya daga cikinsu da hira, wani mai furfura a gemu da ya ce yanzu a ƙasa yake aiki, gwiwoyi sun hana shi hawa. Bayaninsa ya ba ni mamaki ta fuska guda: masu ɗora ƙarfen ba su da yawa. Kowace ƙugiya ƴan mutane ne ke bin ta. Akwai mai ɗaura wa ƙarfe waya a ƙasa, da mai riƙe igiyar da ke hana shi juyawa, da mai magana da direban ƙugiya ta rediyo, domin sau da yawa direban ba ya ganin inda kayansa za su sauka. Sai mutum biyu a can sama, su ne ake ji da su. Ƙarfe ya iso yana lilo, kowanne ya kama kai ɗaya, ya zura tsinin sufanarsa cikin rami don ramukan su daidaita, ya sa noti. Doka ta ce sai an sa aƙalla biyu a kowane kai kafin a kwance waya. Ɗayansu ya taka kan ƙarfen ya kwance ta, ƙugiya ta koma ɗauko na gaba.

Abin da suka bari a baya wasu ne za su ƙarasa. Masu daidaita ginshiƙai su ja su da waya har su miƙe sak. Masu ɗaure noti su cike sauran ramukan. Masu walda su zauna kan mahaɗar manyan ginshiƙai, wani lokaci kwana da kwanaki a kan guda ɗaya. Sai a shimfiɗa kwanon dakin, a zuba kankare, a fesa wa ƙarfen wani farin abu mai kare shi daga wuta, domin ƙarfe in ya kai zafin digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Masu gilashi su ne a ƙarshe. Shi ya sa in ka tsaya nesa kana iya karanta ginin daga sama zuwa ƙasa, kowane rukuni na bin na gabansa da ƴan benaye. In iska ta kai mil 30 a awa ƙugiya ta tsaya, kuma in ta tsaya kowa zai ji a jikinsa.

Sana'ar tana da nata zuri'a. Tun 1886, lokacin da aka gina wata gadar jirgin ƙasa a kan kogin St. Lawrence, ƴan ƙabilar Mohawk na ƙauyen Kahnawake a Kanada suka shiga aikin ƙarfe, ɗa ya gaji uba. A 1907 gadar Quebec ta rushe ana cikin gina ta, mutum 75 suka mutu, 33 daga cikinsu ƴan wannan ƙauye guda. Ba su bari ba, suka sauko New York, hannunsu na cikin yawancin dogayen gine-ginen da ake ɗaukar hoto. Ana yawan cewa ba sa jin tsoron bisa. Su da kansu sun sha ƙaryata wannan, suna cewa koyo ne da haƙuri.

Akwai abin da bai kwanta min ba, kuma Alhaji ne ya fara taɓo shi, don ya sha sauke fasinja a ƙofar tsohon ginin. A wannan fili akwai bene mai hawa 52 da aka gama a 1960 don kamfanin Union Carbide, mita 215, lafiyarsa ƙalau, ba a ma daɗe da yi masa gyara mai tsada ba. Daga 2019 zuwa 2021 aka warware shi hawa-hawa, kuma a lokacin babu gini mai tsayinsa da masu shi suka taɓa rushewa da gangan. Hujjar bankin ita ce an yi shi don mutum 3,500 amma 6,000 ke cushe a ciki, kuma kashi 97 cikin ɗari na kayansa an sake sarrafa su. Na ji hujjar. Amma ƙarfen da aka narkar sai da wuta ta ci, sabon da aka ƙera ma haka, kuma ban ga an sa wannan a gaba ba in ana yabon sabon ginin da cewa lantarkin ruwa kaɗai zai yi amfani da shi. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne dokar 2017 da ta ba wannan yanki damar yin sama, in mai gini ya sayi sararin da tsofaffin gine-ginen tarihi ba su yi amfani da shi ba. Bankin ya saya daga Grand Central da cocin St. Bartholomew da ke nan kusa. Alhaji ya ce a garin nan har iska da farashinta, mai shinkafa ya yi dariya duk da bai ji Hausa ba.

Bayan na dawo gida, a watan Nuwamban 2023, aka ɗora ƙarfen ƙarshe, shekara biyu da rabi da kafa na farko. Masu ƙarfe suka tattara sufanunsu suka nufi wani ginin. Masu lantarki da famfo da lif da silin kuwa sai da suka ƙara kusan shekara biyu a ciki kafin a yanke kyalle a Oktoban 2025.