Araha Ba Ta Ado: Yadda Na Zaɓi Katin Hoto

Duk mai sha'awar wasannin kwamfuta ya san cewa katin hoto ne ke zana abin da ido ke gani a allo. Idan ba shi da ƙarfi, sai wasa ya riƙa ɗingishi. Kuɗin da na tara na aikin hutu biyu ne, don haka ba ni da halin saye sau biyu.

Kati uku na auna. Na farko shi ne RX 580 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2017, mai ƙwaƙwalwa gigabait 8. Na hannu ya yi araha tun 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da irin waɗannan katuna. Amma yana shan wuta har wat 185, kuma da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Na biyu GTX 1650 na Nvidia, wat 75 kacal, sai dai gigabait 4 ya yi wa sababbin wasanni kaɗan. Na uku RX 6600 na 2021, mai gigabait 8 da wat 132.

Na ukun na ɗauka, ko da yake ya fi sauran tsada. Ƙaramin janareta muke tayarwa a gida, kuma ban so in ƙara kashe kuɗi wajen canja akwatin wutar kwamfutata ba.

'Yan'uwana ɗalibai, idan na hannu za ku saya, ku sa mai kaya ya kunna wasa a gabanku, ku ga zafin katin, ku saurari ƙarar fankarsa kafin ku biya.