Rodin da Muke Bari a Saman Gida

Duk wanda ya hau bene a Nima ko Maamobi cikin Accra zai hango rodi tsaitsaye a saman gidaje. Baƙo kan ce kuɗi ne suka yanke. Ni da na tsufa a aikin gini na san maigida ne ya bar wa 'ya'yansa wurin ɗorawa.

Maigidana da ya koya mini aiki yakan ce kankare jarumi ne wajen ɗaukar nauyi, amma da an ja shi sai ya tsage. Rodi kuwa yana jure ja. Shi ya sa ake aurar da su. A wajen haɗi ake gane magini. Ba a sa rodi baki da baki. Sai sabo ya kwanta a jikin tsoho. In mai milimita 12 ne, su haɗa jiki kamar rabin mita, a ɗaure da waya, a jera zobba. In sabon bango za a jingina da tsoho, a huda tsohon, a dasa rodi, a sassaƙe fuskarsa, a wanke ƙura. Bayan zubi a yi ta ba kankaren ruwa kwana 7, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai kwana 28.

Ina saurayi na taɓa rage rodi a wata kusurwa don sauri. Filasta ta rufe, maigida ya biya ni har da godiya. Damina biyu bangon ya buɗe baki, iskar teku mai gishiri ta shiga, tsatsa ta kumbura ƙarfen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na koma na gyara da kuɗina, kunyar kuwa har yau tana nan.

Ranar 7 ga Nuwamba, 2012, da benen wani kanti ya rufta a Achimota ya ci rai 14, kusurwar nan na tuna. Accra ma ta ga girgizar ƙasa a 1939, don haka haɗin rodi ba abin wasa ba ne.

'Ya'yana magina, mai gida ba ya ganin abin da kuka binne a cikin ginshiƙi, Allah yana gani. Ku kuma masu gado, kafin ku ɗora hawa, ku kira injiniya ya duba ko harsashi zai ɗauka. Ku kankare tsatsar rodin mahaifinku, ku ɗaura naku a jikinsa da tsawo.