Ganyen da likita ya ce a ci

Ranar da likita ya ce mahaifiyarmu ta rage tuwo ta yawaita ganye saboda ciwon suga, na zaci aikin mai sauƙi ne. Sai da na bi ta gefen rafin Jakara a Kano, na ga ruwan da ake shayar da latas da alayyahu da shi, baƙi ƙirin, ya kwaso kwatamin unguwanni.

Ban ga laifin masu lambu ba, ruwan da suka samu ke nan. Ka nemi kansilan mazaɓarku, ku matsa wa ƙaramar hukuma ta ware fili da rijiyar burtsatse domin lambun unguwa.

Kafin a kai ga haka, ka dafa ganye sosai, na ci ɗanye kuma ka wanke shi da ruwa mai tsabta. Sai dai wanki ba ya fitar da gubar da ganye ya sha ta saiwa. Ni kam buhuna shida na cika da ƙasa da taki a tsakar gida. Hajiya ce ke ba su ruwa bayan sallar asuba, ta ce ƙafarta ta samu dalilin motsi.