Yawon Hunturu a Kakuri

Da hutun Disamba ya zo, wasu 'yan ajinmu suka tafi Kano, wasu Abuja. Mu biyar da aljihunmu bai kai can ba muka nemi izinin gida, muka haɗa kuɗin mota, muka tsallaka Kogin Kaduna zuwa Kakuri ranar Litinin, ranar da kasuwarta ke ci.

Hazo ya rufe gari, don haka muka fara da koko da ƙosai mai zafi a bakin titi. Abin da mutum ɗaya zai kashe a babban gidan abinci, shi ya ƙosar da mu duka. Hunturu lokacin rake ne da lemo da tumatir, kaya sun cika kasuwa, farashi ya yi sauƙi. Wata mai lemo ta ce, "'Ya'yana, ku dawo bayan la'asar." Muka dawo, ta rage mana, har da gyara, don ba ta son komawa gida da kaya.

Kafin la'asar ɗin muka taka zuwa masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002. Kakan ɗayanmu ya yi aiki a ciki. Ya taɓa ba shi labarin cewa in an tashi aiki, kekuna ne ke toshe titin. Mun daɗe tsaye a bakin ƙofar muna shan rakenmu, keke ko ɗaya bai fito ba.