Dalar Aljihu da Dalar Kano

Ina aji biyar a lakwal ɗin Kornaka na fara fita ƙasar waje. Cikin hutun watan Disamba ne na 1982, sanyi ya kankama. Wana ya tafi cin rani Kano, har damina biyu bai komo ba. Inna ta rage cin tuwo. Duk motar da ta tsaya bakin kasuwa, sai ta aike ni in dubo. Ran nan Baba ya sayar da rago, ya ce za shi nemansa. Ya ce in raka shi, don ni ne mai karatun boko a gidan, ko wani zai miƙo takarda a hanya.

Da asuba muka hau kamiyo, bisa buhunan wake. Hanyar jar ƙasa ce a lokacin. Kafin mu kai Maraɗi mun yi futu-futu da ƙura, har gashin ido.

A Maraɗi Baba ya je wurin ƴan canji. Ya ba su jikkunansa, suka ba shi naira. Nan lissafina ya fara rikicewa. Mu da dala muke ƙirga kuɗi: tamma biyar dala guda, dala ɗari biyu jikka guda. Su kuwa kwabo goma sule guda, sule goma naira guda. In kuma suka ce jaka, naira ɗari biyu suke nufi. Na ɗaure dala biyu da Inna ta ba ni a bakin zariya, ban san ba za su sayi ko ƙosai ba a inda za mu.

Bayan Ɗan Isa muka iso iyaka. A taswirar ajinmu jan layi ne mai kauri, shi ya sa na zaci zan ga ganuwa ko babban gulbi. Ban ga kome ba sai sanda an gitta a hanya, da tutoci. Tamu ruwan goro da fari da kore, da rana a tsakiya. Tasu kore, fari, kore. Karan gero na wannan gefe bai bambanta da na wancan ba. Aka duba katin Baba, aka ɗaga sanda, muka shiga Jibiya. Baba ya ce:

"Ka gani? Sarakunan Maraɗi ma daga Katsina suka taso. Nasara ne suka raba gonar."

Katsina ba mu ga kome ba sai tasha. Muka sake mota, muka shiga Kano da dare, fitilun lantarki ko'ina, kamar taurari sun sauko ƙasa.

Mun sauka Fagge, wajen ganuwa, a zauren wani dattijo mutumin wajenmu. Tun zamanin ayari nan ne masaukin baƙin arewa. Dattijon ya ce ya san wana, ga-ruwa yake yi, amma ya yi wata uku bai gan shi ba. Da safe suka fita nema shi da Baba. Ni kuwa aka haɗa ni da ɗan mai gida, tsarana ne, aka ce ya nuna mini gari.

Ya ce mu fara da Dala. Na kwance zariya na nuna masa tawa, na ce ga biyu ma. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe Dala dutse ne a tsakiyar birni. Muka hau, ina haki. Daga bisa na ga Kano gaba ɗaya: soraye ja sun cika ido, ga Goron Dutse a yamma, ga koren tulluwar babban masallaci kusa da gidan Sarki. Sarkin lokacin Alhaji Ado Bayero ne, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014. Abokina ya ce a kan dutsen nan Barbushe yake ganawa da Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda. Ya nuna mini ganuwa, ya ce Sarki Gijimasu ya fara ta, shekara wajen ɗari tara da suka wuce. Na ce:

"Ai mushenmu ya taɓa ba mu labarin."

Ya tsaya ya dube ni. "Mushe? Mushe yana magana a garinku?"

Mu malamin lakwal muke ce wa mushe, daga Faransanci. Su kuwa ba su san wani mushe ba sai jakin da ya mutu. Haka muka wuni. Na ce alimeti, ya ce ashana. Na ce gujiya, ya ce gyaɗa, har ya ƙara da cewa dā akwai wata dalar kuma, ta buhunan gyaɗa da ake tarawa kusa da tashar jirgin ƙasa, amma shi ma bai tarar da ita sosai ba. Hausa ɗaya muke yi, amma da na buɗe baki an san ni baƙo ne.

A marinar Ƙofar Mata na fi daɗewa. Ramuka ne masu zurfi, an zuba musu ruwa da baba da toka. Marini yana zaune a bakin rami, yana tsoma zane yana ɗagawa. In zanen ya fito sai ka gan shi kore-kore, in ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idonka. Na tuna baƙin rawani mai ƙyalli na Buzayen kasuwarmu, wanda ake ce wa ɗan Kura. Sai ran nan na san Kura gari ne kusa da Kano.

Daga nan muka shiga kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. Lungunanta ƙanana ne, mutum biyu sai su gogi juna. Na tsaya kallon sirdi da linzami wurin dukawa. Da na waiwaya, babu abokina.

Na bi wannan lungu, na fito wancan, na sake komowa wurin sirdin nan. Rana ta yi sanyi. Tsoro ya kama ni. Ba ni da takarda, ba ni da kwabo, sai dala biyu. Daren jiya kuma na ji manya suna cewa tun rikicin Maitatsine na Disamba 1980 ake sa wa baƙi ido. Saboda haka na ƙi tambayar kowa, kada a ji harshena. Na zauna gindin wani bango ina kuka a hankali.

Can sai ga wani ɗan ga-ruwa, da garwa biyu a sanda. Ya sauke, ya ce:

"Kai yaro, mi ya same ka?"

Da na ji "mi" ɗin nan, sai na ji kamar an kira ni daga ƙofar gidanmu. Mutumin Mayahi ne. Bai san wana ba, amma ya tambayi sunansa da na garinmu. Ya bar cinikinsa ya raka ni har Fagge. Na miƙa masa dala biyun, ya jujjuya su a tafin hannu, ya yi murmushi, ya maido mini.

Baba bai buge ni ba, bai kuma yi mini magana ba sai da safe. Su ma sun wuni yawo ba su dace ba. Amma ƴan ga-ruwa a bakin famfo suke haɗuwa, kuma magana ba ta kwana a wurinsu. Washegari bayan magariba muka ji sallama. Wana ne. Ya rame, kafaɗunsa sun yi kanta. Ya durƙusa gaban Baba, ya daɗe bai ɗago kai ba.

Sun kai tsakar dare suna magana. Ya ce kunya ta hana shi komowa hannu biyu, kuɗin sa yake tarawa. Ya roƙi a bar shi zuwa faɗuwar ruwa. Baba ya yarda, ba da son ransa ba. Muka komo Kornaka da turmin atamfa da saƙon gaisuwa. Inna ta karɓi atamfar, ta sa a ƙarƙashin akwati, ko warwarewa ba ta yi ba.

Ba a kai ga damina ba. Ran 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Nijeriya. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 kwana 90 kawai ta yarda wa baƙo ya zauna ba izini, wana kuwa ya kusa shekara biyu. Mafi yawan waɗanda aka kora mutanen Gana ne, amma da ƴan Nijar da yawa a ciki.

Wata safiya a farkon Fabrairu Inna ta aike ni bakin kasuwa kamar kullum. Kamiyo ya tsaya, cike da mutane da ƙunshin kaya. Wana ya diro, jajawur da ƙura, da garwarsa ɗaya a hannu, ɗayar ta faɗi a hanya. Kuɗinsa bai kai na sa ba, tunkiya biyu ya saya. A makon nan Inna ta ciro atamfar ta aike ni da ita wurin tela.